In Saƙo Ya Dawo, Kada A Share Sunan Ɗan'uwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, wadda duk wanda ya ɗan zauna a rumfunan kasuwar Matamaye ko a bakin tasha sai ya ji ta. Za ka ji an tambayi Hajiya labarin ƙanenta da ke Abijan, ko ɗiyar yayarta da aka kai aure Kano, sai ta kaɗa kai ta ce: "Ai mun daina jin ɗuriyarsu, lambarsu ba ta shiga." In ka ce tun yaushe, ta ce an doshi shekara uku. In ka ƙara tambaya wane mataki aka ɗauka, sai ka tarar babu. An kira sau biyu ko uku, an ji muryar matar kamfani tana zuba Faransanci ko Turanci, an kashe waya, daga nan aka yanke hukunci cewa su wane sun samu duniya sun manta da gida. Ran da yaron gida ya zo rage sunaye saboda waya ta cika, sunan wannan ɗan'uwa ake fara sharewa.

Kiran da muke yi a yau ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata waɗanda su ne riƙe da igiyar zumunci a kowane gida, shi ne a yi hattara da wannan hukunci. Saƙon da ya dawo, na waya ne, ko wasiƙar takarda, ko ta imel, ba amsar ɗan'uwanka ba ce, domin kuwa shi bai ma san ka aika ba. Na'ura ce take gaya maka ta je ƙofar da ka kwatanta mata ta tarar da ita a rufe, kuma sau da yawa takan faɗi dalili, sai dai ba a tsayawa a saurara. Wanda ya aiki yaro gidan surukai, yaron ya dawo ya ce ya tarar sun tashi, ai ba ya cewa aure ya mutu. Tambaya yake yi ina suka koma.

Idan akwai yankin da wannan magana ta fi shafa, to namu ne. Da wuya ka samu gida a Matamaye, ko Kance, ko Dungu, ko Ɗan Barto, wanda ba shi da reshe a Daura, Mai'aduwa, Zango, Katsina ko Kano. Abin ya samo asali tun da daɗewa. Wajen 1805 da mayaƙan jihadi suka karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, suka zauna a garuruwan da wasunsu yau suke cikin Nijar, irin su Yekuwa ta ƙasar Magarya, daga baya gidan sarautar ya rabu, wasu a Zango wasu a Baure. Damagaram kuma ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, ta shimfiɗa ikonta a kan garuruwan kudancinta. Sa'ad da Turawan Faransa da na Ingila suka zo suka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, ba su tambayi kowa wa ke auren ɗiyar wa ba. Layinsu ya ratsa gonaki, ya bar wa a hannun Faransa, ƙane a hannun Ingila. A kan wannan sai ka ɗora fataken goro da suka zarce Gwanja ba su dawo ba, da alhazan ƙafa da suka yada zango a Sudan har suka hayayyafa a can, da 'yan ci-ranin baya-bayan nan da suka watsu a Kano, Legas, Kwatano, Abijan, Libiya da Aljeriya. Zuri'ar gida guda a nan tana iya kasancewa a ƙasa biyar, kowace da harshen gwamnatinta da tsarin wayarta.

Ba mu ce a da ba a ɓacewa ba, an yi ta ɓacewa. Amma a dubi yadda kakanninmu suke ba da kwatancen mutum. Za su ce wane ɗan wane, jikan wane, mahauci ne, mutumin unguwa kaza, in ka isa zango ka tambayi fatoma wane. Kwatance ne mai ƙofa biyar ko shida, in ɗaya ta rufe akwai saura. In fatoman ya rasu, 'ya'yansa suna nan. In mutumin ya bar unguwar, sarkin fawa ya san inda ya koma. Tsagar fuska kanta takan faɗi asalin mutum tun kafin ya buɗe baki. Da gidan waya ya zo, akwatin wasiƙa guda na wani attajiri ko na makaranta shi ke ɗaukar unguwa sukutum, kuma in wasiƙa ta dawo za ka ga an buga mata hatimi an nuna dalili: ko mai ita ya tashi, ko ba a san shi ba, ko ba a zo an karɓa ba. Marubucin wasiƙa ya karanta maka, ka san inda za ka sake nufa. Ga direbobin hanyar Damagaram zuwa Kano da 'yan kamasho, waɗanda suka ɗauki wasiƙun da gidan waya bai taɓa gani ba. Ga cigiya a rediyo, wadda ta haɗa mutane da yawa da suka fid da rai da juna.

Abin lura shi ne, rufe iyaka bai taɓa yanke wannan igiya ba. An rufe daga 1984 zuwa 1986, lokacin yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa sunan El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duk waɗannan lokuta kaya sun tsaya a Ɗan Barto da Kwangwalam, 'yan kasuwa sun ji jiki, amma labarin rasuwa da na suna da na ɗaurin aure bai fasa tsallakawa ba, ko a kan babur ko a ƙafa. Abin da 'yan duwan da jandarma ba su yi mana ba, shi ne lambar waya take yi a cikin ruwan sanyi.

Wayar salula ta shigo ƙasashen nan biyu a farkon shekarun 2000, kuma babu mai musun alherinta. Mai sayar da rake a Dungu yana jin farashin Kano kafin ya yi lodi, uwa tana jin muryar ɗanta da ke Sabha ba tare da ta jira wata uku ba. Sai dai sauƙin nan ya sa an tattara duk ƙofofi shida na kwatancen da aka mayar da su ƙofa guda, wato 'yan lambobi takwas ko goma sha ɗaya. Yau akwai matar da in ka tambaye ta unguwar da ɗanta yake a Legas, ko sunan ubangidansa, ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne sunansa na cikin waya. Ita kuwa lamba ba gadon gida ba ce, aron kamfani ce, kuma an sha sauya ta ba da shawarar kowa ba.

Ga kaɗan daga abin da ya faru a idonmu. A tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta ƙara lambobinta daga shida zuwa takwas, duk wanda yake waje riƙe da tsohuwar lamba a takarda sai ya wayi gari ba ta shiga. A ƙarshen 2013 hukumar Nijar ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda masu su ba su yi rajista da katin shaida ba. A Najeriya an fara tilasta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa a Disambar 2020, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. A lura da kyau, a wancan matakin layin yana karɓar kira, shi ne ba ya iya kira. Ashe ke nan akwai gidajen da aka zauna ana cewa "ko a waya ba ya neman mu", alhali bawan Allah yana can hannunsa a ɗaure, jira yake a neme shi. A 2024 aka rufe sauran layukan baki ɗaya, kuma kowa ya san da yawa daga 'yan ci-raninmu masu ga-ruwa da masu shayi da masu gadi ba su da takardun da za su yi wannan rajista.

Can yamma ma haka. Ranar 31 ga Janairun 2021 ƙasar Kwaddibuwa ta mayar da lambobinta goma maimakon takwas. Layin Orange aka sa masa 07 a gaba, na MTN 05, na Moov 01. Ƙasar Benin ta bi sahu ranar 30 ga Nuwamban 2024, ita kuma 01 aka ƙara a gaban kowace lamba. Saboda haka duk mai ɗan'uwa ko abokin ciniki a Kwatano ko Faraku wanda lambarsa ta daina shiga tun ƙarshen 2024, ya buga 229, ya sa 01, sannan ya bi da tsohuwar lambar, ya ga abin mamaki. Wani abin da ke rikita mutane kuma shi ne sifirin farko. In za ka kira Najeriya daga nan, bayan 234 jefar da sifirin ake yi. In Abijan ce ko Kwatano, bayan 225 ko 229 sifirin yana nan daram. Wannan 'yar ƙaramar magana ta isa ta sa uwa ta yi shekara tana kuka da ɗan da ke cikin ƙoshin lafiya.

Akwai kuma abin da ya fi rashin shiga haɗari, wato lamba ta shiga amma ba mai ita ba ne ya ɗauka. Ƙa'idar kamfanonin waya ce in layi ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba, su karɓe lambar su sake sayar wa wani. Ɗan ci-rani ya zo gida noma ya yi wata shida, ko an kama shi a hanya, ko an sace wayar bai je ya karɓo layinsa ba, shi ke nan lambar ta zama ta wani. In wanda ta faɗa hannunsa mai tsoron Allah ne, ya ce ba shi ba ne. In ɗan damfara ne, sai ya ɗan saurara ya ji sunan da aka ambata, ya ce ai wane yana asibiti, a turo jika hamsin. Yanzu da aika kuɗi ta Nita ko Al Izza ko ta waya ya zama abin minti biyar, kuɗin adashin wata uku yana iya tafiya kafin a yi sallar azahar. Lambar da aka daɗe ba a kira ba, in an ɗauka, kafin a yi maganar kuɗi a tambayi abin da ɗan gida kaɗai ya sani: sunan kakarsa ta wajen uwa, ko sunan gonar da ke bayan gari.

Mu zo kan imel, domin ko da yawancin iyayenmu ba su taɓa buɗe shi ba, 'ya'yansu na jami'ar Damagaram da masu odar kaya daga Dubai da Sin suna amfani da shi, kuma ta nan ne jikokin waɗanda suka daɗe a Sudan ko Saudiyya ko Gana sukan fara neman asalinsu. In wasiƙar imel ba ta isa ba, takan dawo da wani dogon rubutu na Turanci ko Faransanci daga wani mai suna Mailer-Daemon. Ba mutum ba ne, na'urar da ke rarraba wasiƙu ce, kuma mayar mata da amsa ɓata lokaci ne. Abin dubawa a cikin rubutun shi ne wata lamba mai harafi uku. In ta fara da 4, matsalar ta ɗan lokaci ce, kamar ka je shago ka tarar mai shi ya tafi masallaci, kuma na'urar da kanta takan ci gaba da gwadawa har kwana huɗu ko biyar. In ta fara da 5, musamman 550, to an mayar da wasiƙar ke nan, galibi saboda babu mai wannan adireshi a wurin. Wani lokaci kuma rubutun zai nuna akwatin mutumin ne ya cika, ma'ana adireshin yana nan, mai shi ne ya daɗe bai leƙa ba.

Ko da 550 ɗin ce, ba a gama ba. Mafi yawan lokuta harafi guda ne ya kuskure, ko ɗigo ya faɗi, ko an rubuta yahoo.com alhali na mutumin yahoo.fr ne, abin da ya zama gama-gari tsakanin mu na Nijar da 'yan'uwanmu na Najeriya. Wani lokaci kuwa adireshin ne ya mutu da gaske. Da yawa an buɗe su ne a shagon intanet shekara goma sha biyar da suka wuce, mai shagon ne ma ya zaɓi kalmar sirri, shagon kuma ya daɗe da zama wurin sayar da katin waya. A 2013 kamfanin Yahoo ya karɓe sunayen da suka yi shekara guda ba a shiga ba ya buɗe wa sababbin mutane su ɗauka, Google kuma tun Disambar 2023 ya fara share akwatunan da suka yi shekara biyu ba a taɓa su ba. Haka WhatsApp, wanda yanzu shi ne dandalin zumuncin yawancin gidaje, yakan share rajistar wanda ya yi kimanin kwana 120 bai hau ba. 'Yar alamar nan mai kama da ƙugiya da ke gefen saƙo, in guda ce, saƙon ya bar wayarki amma bai isa tasa ba. Ba shiru ya yi miki ba, Hajiya, bai gani ba ne.

Sai dai a ganinmu babbar matsalar tana gaban na'ura, tana cikin sunayenmu. Mutum guda a takardar Nijar sunansa Issoufou Ousmane, a ta Najeriya Yusuf Usman. Mahamadou ne a nan, Muhammadu ko Mamman a can. Garin da muke kira Kance, Bafaranshe ya rubuta shi Kantché, Damagaram kuma a taswira Zinder ce. Wanda ya zauna a Kumasi yana neman dangin kakansa da rubutun Ingilishi zai iya wuce su sau goma bai gane ba. Sannan ga alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji, suruka ba ta faɗin sunan suruki. Yaro ya tashi ya san kakarsa da Inna ko Hajiya Babba, ya san gwaggonsa da Ladi ko Asabe ko Delu, har su koma ga Allah bai taɓa jin sunansu na yanka ba. Al'ada ce mai kyau, ba mu nemi a bar ta ba, amma abin da baki yake jin nauyin faɗa ai hannu yana iya rubutawa. A nan ma ajami ya fi boko amfani, domin Usmanu da ajami iri ɗaya ake rubuta shi a Matamaye da Daura da Kumasi da Wad Madani, babu ruwansa da wanda ya yi mulkin mallaka.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan gaisuwa ne kawai? Ina! 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin inda abin yake ciwo, wato ranar rabon gado. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Kance tana da mutum kusan dubu 400, kuma tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duk faɗin Nijar. Gona a nan ba abin wasa ba ce, balle fadamar rake ko fili a bakin hanya. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa magajin da ya ɓace ba a cinye rabonsa, ajiye masa ake yi har sai alƙali ya yanke hukunci a kansa. To amma me ake gani? Tsoho ya rasu, an gwada lambar ɗansa na Libiya ba ta shiga, an kira 'yar da ke Kaduna wani ya ɗauka, sai a raba tsakanin waɗanda suke nan. Bayan shekara biyu a sayar da filin ga wata baiwar Allah da ta tara kuɗinta da ƙosai da ƙuli-ƙuli, ta gina shago. Bayan shekara takwas mai rabo ya dawo, ko 'ya'yansa su zo da shaidu. Daga nan sai zaman fada, sai hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, sai kotu. Wadda ta saya ba ta ci haƙƙin kowa ba, amma ita ce za ta yi ta sintiri tana rufe shago. Duk mai shirin sayen fili ko gona daga hannun magada, tambayar farko da ya kamata ya yi ba ta kuɗi ba ce. Ya ce su nawa mamacin ya bari, ina kowannensu yake, wa ya ji ta bakin waɗanda ba sa nan.

Haka batun takardun haihuwa. Iyayenmu da yawa takardarsu cewa take an haife su "wajen shekara kaza", shi ya sa ka ga rabin gari ranar haihuwarsu 1 ga Janairu. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa ko rasuwa ko aure, in an wuce sai an bi ta hannun alƙali. Yaron da aka haifa a ci-rani, wanda babu sunansa a ma'aikatar magajin gari, babu shi kuma a wani littafi na gida, ran da zai zo neman asalinsa bakin tsofaffi kawai zai dogara da shi, su kuwa tsofaffi kullum raguwa suke.

Akwai abin da mutanen wannan yanki ba za su manta ba. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauke su sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu daga nan ƙasar Kance suka fito. A can aka binne su, gwamnati ta yi makoki na kwana uku. Allah ya jiƙansu da rahama. Tun daga ƙarshen 2014 kuma Aljeriya take dawo da mutanenmu a motoci, sau da yawa ba waya ba kaya a hannunsu. Wanda aka sauke a Asamaka ko Agadas, wayarsa ta tafi da duk lambobin da ya mallaka, in bai haddace ko guda ba, ta ina zai fara? Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana da sashen sada dangin da tafiya ko rikici ya raba, ba a biyan ko dala, amma su ma abin da za su tambaya shi ne cikakken sunan mutum, sunan uba da na uwa, garinsu, da inda aka ji shi na ƙarshe da kuma yaushe. Gidan da abin da ya riƙe kawai shi ne "Ɗanjuma, lambarsa ta fara da 96", ya ba su aiki mai wuya. Ba mu goyon bayan wannan tafiya ta bara da ƙananan yara ko kaɗan, mun kuma sha faɗa, amma wadda ta riga ta ɗaura niyya, aƙalla ta bar wa gida sunan wanda zai ɗauke ta da garin da ta nufa, yaran kuma a sa su haddace sunan ubansu da na ƙauyensu da lamba guda ta gida.

Mun san akwai masu cewa wani ɗan'uwan da gangan yake sauya layi don ya huta da bani-bani. Gaskiya ne, akwai su, kuma wani lokaci dangin ne suka kore shi da yawan roƙo, kira goma babu na gaisuwa ko ɗaya. Amma ko shi wannan, gudunsa bai fitar da shi daga gado ba, bai fitar da 'ya'yansa daga dangi ba, kuma ba a tabbatar da cewa gudu ya yi sai an same shi an ji daga bakinsa. Muryar matar kamfani ba ta isa shaida ba.

Abin da muke ba da shawara ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowane gida ya samu littafi guda mai bango mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta bashi a shago, a mayar da shi littafin zuri'a. Uwar adashi da ke riƙe da lissafin mata arba'in ba tare da dala ta ɓace ba, wannan ba zai gagare ta ba, in ba ta rubutu ɗanta ko malamin unguwa ya rubuta tana faɗa. Kowane mutum a ba shi shafinsa: sunan yanka da laƙabi, da ajami da boko, in yana da takardar Nijar da ta Najeriya a kwafi yadda kowace ta rubuta shi, sai sunan uba da kaka, da na uwa da garinsu, domin dangin uwa su ne suka fi saurin ɓacewa. A ƙasa a sa garin da yake, unguwa, sana'a, kasuwar da yake ci, masallacin da yake salla, da sunan mutum biyu da suka san shi a can, ko ubangida ko maƙwabci ko sarkin Hausawan wurin. Lambar waya da imel su zo a ƙarshe, da fensir, tun da su ne masu sauyawa. A fara da tsofaffin da suke raye yau, a zauna da su da rana tsaka ana hira, kada a jira sai suna kwance.

Sallah ƙarama da babba sun isa lokacin duba littafin, tun da dama ana kiran gaisuwa. Lambar da ba ta shiga ba a sake gwada ta bayan kwana biyu, a duba ko ƙasar ta sauya tsari, a nemi mutum biyun nan da aka rubuta. In duk ba a dace ba, a ba direba ko ɗan kasuwar da ke zuwa can saƙon baki, ai duk ranar Lahadi mutanenmu suna cika kasuwar Mai'aduwa, kuma babu mako da mota ba ta tashi zuwa Kano. A kai cigiya gidan rediyo. Shugabannin 'yan kasuwa da na tasha ma suna da rawar takawa, domin littafi guda a ofishinsu da mai tafiya zai rubuta sunansa da inda ya nufa da wanda za a nema a gida ba zai ci musu komai ba. Wanda kuma ya sauya layi, ya ɗauki sanar da gida a matsayin wajibi kamar yadda zai sanar da masu bin sa bashi da waɗanda yake bi.

In an bi duk waɗannan hanyoyi ba a same shi ba, shafinsa yana nan yadda yake. A rubuta ranar da aka ji shi na ƙarshe, da garin da yake a lokacin, da sunan wanda ya gan shi, a bar sauran shafin fili.